Ina ayarin bincike kan ƙwaƙwalwa zai samu kuɗi daga Maradi?

Tambayar ta zo kamar haka: "Mu huɗu ne a Maradi: likitan yara, malamin ƙwayoyin cuta, malamin ƙididdiga da injiniyan kwamfuta. Muna son bin diddigin abin da ke samun ƙwaƙwalwar yara bayan sun tashi daga sanƙarau ko masassarar cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ina ake samun kuɗin aikin haɗin gwiwa irin wannan, kuma me ke sa a ba wasu a hana wasu?"

Dokta, kuɗin akwai, sai dai masu bayarwa abu biyu suke dubawa kafin su saki ko sisi. Na farko, tambaya guda wadda babu fanni ɗaya da zai iya amsa ta shi kaɗai. Na biyu, cibiyar da za ta iya karɓar kuɗin, ta kashe su bisa ƙa'ida, ta kawo lissafi. Masana sukan ƙare ƙarfinsu a kan na farko, alhali a ƙasashenmu na biyun ne ya fi kayar da mutane.

Mu fara da tambayar. Mai tantance takardarku zai yi wani gwaji a ransa: in aka cire mutum ɗaya daga cikin ayarin, aikin zai tsaya ko zai ci gaba? In aka cire injiniyan kuma komai ya tafi daidai, to an sa sunansa ne don ado, kuma za a gane. Takardar da ta ce likita zai duba yara, malamin ƙwayoyin cuta zai gano nau'in ƙwaya, injiniya zai ƙera manhaja, ayyuka uku ne aka ɗaure da zare ɗaya. Ku gwada wannan a madadinta: "Shin awon wutar ƙwaƙwalwa da aka ɗauka kafin a sallami yaro, haɗe da nau'in ƙwayar da ta kama shi, zai iya nuna wanda zai kamu da farfaɗiya cikin shekara 2, kuma majo na asibitin karkara zai iya ɗaukar awon da kansa?" A nan kowa na jiran hannun ɗan'uwansa. Ba a san nau'in ƙwaya ba, ba a iya raba yara rukuni-rukuni. Ba awo mai tsabta, injiniya ba shi da abin koya wa kwamfuta. Ba mai ƙididdiga, ba wanda ya san yara nawa za a bi.

Wannan tambayar ta nuna kuma waɗanda kuka rasa. Kuna buƙatar likitan jijiya da ya iya karanta awon wutar ƙwaƙwalwa, wato EEG, na yara, ko da daga Yamai ko Kano yake karantawa ta intanet. Kuna buƙatar mai awon ji, domin kurumta na cikin abin da sanƙarau ya fi bari. Sannan masanin zamantakewa, wanda ake yawan ɗauka kamar ƙari ne. A bincike na shekara 2, abin da ke rusa sakamako shi ne ɓacewar yara daga layi. Yaron da ya fara faɗuwa sau da yawa wajen malamin ruƙiyya ko boka ake fara kai shi, wani gidan ma ɓoye shi ake yi don gudun maganar mutane da batun auren ƴan'uwansa. Ke nan waɗanda kuka fi son gani su ne suka fi saurin ɓace muku, sai lissafinku ya nuna cutar ba ta da yawa. Cibiyar LASDEL a Yamai ta daɗe tana nazarin yadda mutane ke hulɗa da asibitoci, CERMES kuma ita ce ɗakin gwajin ƙasa na sanƙarau. Sunan mutum ɗaya daga kowace, mai aiki bayyananne a takarda, ya fi wasiƙar goyon baya goma.

Kada ku ji nauyin cewa daga Maradi kuke. Gwajin rigakafin zawon rota da Epicentre, cibiyar bincike ta ƙungiyar likitoci ta MSF, ta gudanar a Madarunfa, da jarirai kusan 3,500, ya fito a 2017, kuma rigakafin ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018. A Kano, haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ya gwada maganin hydroxyurea don kare yara masu amosanin jini daga shanyewar ɓarin jiki, ya kuma gwada miƙa kula da farfaɗiyar yara ga ma'aikatan ƙananan asibitoci, a gwajin da ya haɗa asibitoci 60 a Kano, Zariya da Kaduna. Ku kafa hujja da irin waɗannan, da kuma takardu biyu na Hukumar Lafiya ta Duniya: taswirar kawar da sanƙarau nan da 2030, wadda ɗaya daga cikin ginshiƙanta shi ne kula da waɗanda cutar ta bar wa lahani, da shirin farfaɗiya da cututtukan jijiya na 2022 zuwa 2031. Hukumar ta ce mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga sanƙarau na bakteriya yana fita da lahani mai ɗorewa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in sun samu magani daidai.

Yanzu ƙofofin. Manyan sunayen da za ku ci karo da su a intanet, irin shirin BRAIN na Amurka da aka ƙaddamar a 2013, ko shirin ƙwaƙwalwa na Turai da ya gudana daga 2013 zuwa 2023, ku karanta su don ilimi, ku wuce. An gina su ne don ɗakunan gwaji masu manyan na'urori.

HFSP, shirin tallafin bincike na ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Faransa, an kafa shi ne musamman don ayari na mutum 2 zuwa 4 daga fannoni da ƙasashe daban-daban, na shekara 3. Yana da jan hankali, amma sharuɗɗa uku za su tsaya muku: jagoran ayari dole ya kasance a ƙasa mamba, Nijar kuwa ba mamba ba ce, ana son mutanen da ba su saba aiki tare ba, kuma bincike na tushen ilimin halitta yake biya, ba na asibiti ba. Tambayarku ta yara ba ta shiga. Tallafin Synergy na hukumar binciken Turai ya kai Yuro miliyan 10 na shekara 6, ga jagorori 2 zuwa 4, kuma ɗaya daga cikinsu zai iya zama a wajen Turai, amma wanda bai riga ya yi suna a fanninsa ba ba ya kai labari a can.

Waɗanda suka dace da ku su ne masu biyan binciken lafiya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Cibiyar Fogarty ta NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta fara shirin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya a 2003, mai hawa biyu: ƙaramin tallafi na shekara 2 don gina ayari da tara bayanan farko, sannan babba na har shekara 5. Amma a watan Mayu na 2025 NIH ta sauya ƙa'idar yadda jami'o'in Amurka ke miƙa wani kaso na tallafi ga abokan aiki na waje, saboda haka ku karanta kiran da ke buɗe a ranar, kada ku dogara da abin da wani ya yi a 2021. Gidauniyar Wellcome ta Ingila tana karɓar jagora daga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kai tsaye. Gidauniyar Kimiyya don Afirka da ke Nairobi ita ke riƙe da shirin DELTAS, wanda manyan ƙawance yake ba kuɗi. Hanyarku a nan ita ce shiga ƙawancen da ya riga ya tsaya.

Shawarata ita ce shekara 2 ta farko ku nemi ƙananan kuɗi. IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, tana ba da tallafin tafiya, horo da ƙulla haɗin gwiwa ta kwamitinta na Afirka. TWAS, kwalejin masana kimiyya ta duniya, tana sayen kayan aiki ga masana na ƙasashen da ke baya a kimiyya. OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, tana ba mata masu digirin dokta har dalar Amurka 50,000, saboda haka in akwai mace a ayarin, wannan ƙofa tata ce. TReND, ƙungiya mai tallafa wa kimiyya a Afirka, tana horarwa tana kuma haɗa ɗakunan gwaji da kayan kyauta. Cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu misali ce ta kusa ta yadda ake gina ɗakin gwaji daga irin wannan. Taron SONA, ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, nan ake haɗuwa da abokin aikin da za a nemi babban kuɗi da shi. Abin da ƙaramin tallafi zai saya muku shi ne jimla ɗaya a takarda ta gaba: mun bi yara kaza na wata 6, kaza suka dawo, awo kaza cikin kaza ya karantu. Wannan jimlar ta fi shafi biyar na alkawari.

Sai maganar cibiya. Ba a ba mutum tallafi, jami'a ko asibiti ake ba, kuma shugaban jami'a ko darakta ne ke sa hannu. Ku fara da shi tun yanzu, tare da ma'aji. NIH tana buƙatar lambar UEI daga SAM.gov, rajistar Grants.gov da ta eRA Commons, da lambar FWA mai nuna cibiyar ta ɗauki alkawarin kare mutanen da ake bincike a kansu. Ku ba wannan wata 2 zuwa 3, domin harafi ɗaya da ya bambanta a sunan jami'a tsakanin takarda da takarda yana dawo da aikin baya, kuma sunaye masu alamomin Faransanci sun fi faɗawa wannan tarko. Ku zaɓi rubutu ɗaya na sunan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da adireshinta, ku riƙe shi ko'ina. Tallafin Turai yana buƙatar lambar rajistar cibiya mai suna PIC. Kowane mai bincike ya buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike a intanet, minti 10 ne.

Kafin kuɗi su fito za a aiko da tambayoyin tantance cibiya: akwai asusun banki na aikin shi kaɗai? Wa ke ba da izinin kashewa, wa ke biya, wa ke dubawa? In mutum ɗaya ne ke yin ukun, an faɗi. Akwai rahoton mai binciken kuɗi na waje na shekarun baya? Akwai rubutacciyar ƙa'idar saye, wadda ta ce daga kuɗi kaza sai an kawo farashi uku? Ma'aunin GFGP na yadda cibiya ke tafiyar da kuɗin tallafi, wanda masu ba da tallafi da dama a Afirka suke aiki da shi, yana da jerin waɗannan tambayoyin. Ku zauna da ma'aji ku cike shi kafin wani ya tambaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne rasit na kowace lita ta gazuwal da takardar awannin aiki mai sa hannu duk wata.

Kasafin kuɗi shi ne inda ayarin ƙasashenmu ya fi cutar kansa, don kunyar a ce ya nemi da yawa. Ku fara daga yawan mutanen da za a bi. Ga misali na lissafi: in kuna son auna yawan farfaɗiya a gari, kuna tsammanin kashi 1 cikin 100, kuna son kuskure kada ya wuce 0.3 cikin 100, mutum kusan 4,200 kuke buƙata. Tunda unguwa-unguwa za a ɗiba, a ninka biyu, 8,400. A ƙara kashi 10 na waɗanda ba za a samu a gida ba, ya haura 9,200. In kashi 5 cikin 100 na mutum 8,400 da aka samu suka amsa e ga tambayoyin tacewa, mutum 420 ke nan da dole likitan jijiya ya gani ido da ido. Kwana nawa ne wannan na likita ɗaya, wa zai biya kuɗin motarsu? Yawancin kasafi suna biyan masu zagaye gida-gida, su manta da mataki na biyu.

Awon EEG kuma yana da abubuwan da ba a gani sai an fara. Wayoyi 21 ake mannawa a kai bisa tsarin 10-20, ana son turjiyar kowace ta sauka ƙasa da kilo-om 5, a ɗauki minti 20 zuwa 30. Man kitso da kitson kansa suna hana wayar kama fata, saboda haka tun jajibiri a gaya wa uwa ta tsefe kan yarinya, ta wanke da sabulu, kada a shafa mai. A sa kuɗin sabulu da na mai kitso a kasafi, domin uwar da aka tsefe wa kan ɗiya aka sallame ta haka ba za ta dawo ba. A watan Afrilu da Mayu, zufa tana haifar da manyan igiyoyi masu tafiya a hankali waɗanda sabon mai karatu zai ɗauka ciwo ne, don haka ɗakin awo yana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Fanka, cajar waya da wutar da ba a haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata ba suna zuba hayaniyar 50 Hz cikin awon. Mafita mafi sauƙi ita ce a cire filogi a ɗauka da batir. Man manna wayoyi yana ƙarewa, wayoyin suna tsinkewa, ba a kuma samunsu a kasuwa, sai a yi odar na shekara guda da saiti biyu na ajiya. Awon minti 30 da wayoyi 21 bai wuce megabait 20 ba, ana iya tura shi ta intanet ɗin waya. In da bidiyo ne ya ninka sau da yawa. Abin lura: kan fayil ɗin EDF, wanda ake adana awon a cikinsa, yana ɗauke da gurbin sunan marar lafiya da ranar haihuwarsa. A goge su kafin fayil ya bar ɗakin, in ba haka ba kun karya alkawarin sirri tun a rana ta farko.

Ruwan ƙashin baya shi ma hanya biyu yake bi. Wanda za a shuka don ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji ba a sa shi a firij, domin sanyi yana kashe ƙwayar sanƙarau. A kwalbar Trans-Isolate ake zuba shi da wuri. Wanda za a yi wa PCR, gwajin gano ƙwaya ta gadon halittarta, shi ake daskarewa. Firij mai sanyin 80 ƙasa da sifiri kuwa, sayensa shi ne mai sauƙi. Ku sa kuɗin na'urar daidaita wuta, batura ko hasken rana, man injin wuta, da ma'aunin zafi mai kiran waya in sanyi ya ragu. Ku sa kuɗin fito da na dillalin duwan, ku kuma nemi takardar yafe haraji kafin kaya su taso.

Akwai kason da ake kira kuɗin ɗawainiyar cibiya. NIH kashi 8 cikin 100 take ba cibiyoyin waje, HFSP ba ya wuce 10, Wellcome tana kaiwa 20 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, shirin Horizon na Turai 25. Da kashi 8 ba za a biya wuta, intanet da mai lissafi ba. Duk abin da aikin ne kaɗai ke amfani da shi, a rubuta shi a matsayin kuɗin aiki kai tsaye, in ƙa'idar mai bayarwa ta yarda: mai kula da aiki na cikakken lokaci, mai kula da bayanai, rabin lokacin mai lissafi. Jagoran da ke koyarwa, yana duba marasa lafiya, yana kuma haɗa rasit da dare, cikin shekara guda zai makara da rahoto.

Canji ma abin lissafi ne. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957, don haka tallafin Yuro ba ya motsi. Dalar Amurka da fam suna hawa suna sauka: dalar Amurka 100,000 a kan 600 miliyan 60 ce, a kan 550 miliyan 55. Miliyan 5 ta tafi ba wanda ya taɓa ta. Ku yi kasafi da canji mai ƙasa da na ranar.

In jami'ar waje ce jagora ku kuma kuna ƙarƙashinta, ku duba sharaɗi ɗaya kafin komai: yaya ake biya? Al'adarsu ita ce ku kashe, ku aiko da lissafi, a mayar muku bayan wata ɗaya ko biyu. Cibiyar da ba ta da kuɗin ajiya ba za ta iya ba, albashin ma'aikata zai tsaya a wata na biyu. Ku nemi a rubuta cewa za a ba da kuɗin wata 3 a gaba, ana cikewa bayan kowane rahoto. Ana yarda da wannan in an nema kafin sa hannu. Bayan sa hannu wuya gare shi.

A wannan zaman ne kuma za a yanke maganar da kowa ke jin nauyin tayarwa. Wa zai zama na farko da na ƙarshe a kowace maƙala? Ga malamin jami'a a nan, CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, na duba matsayin suna wajen ƙarin girma, abokin aiki na waje kuma ba lalle ya san haka ba. A fannin kwamfuta maƙalar taro tana da daraja, a likitanci mujalla ake kallo, masu lissafi wani lokaci bisa jerin haruffa suke jera suna. A rubuta jerin maƙalun da ake sa ran fitarwa da jagoran kowace. A rubuta cewa ainihin rumbun bayanai yana Maradi, kwafi ne ke fita, da yarjejeniyar fitar da samfuri mai faɗin abin da za a yi da shi da ranar da za a lalata ko a dawo da saura. A rubuta wa zai mallaki na'urori in aiki ya ƙare, da abin da za a yi in ɗaya daga cikinku ya samu aiki a wani wuri. Ɗalibin dokta guda da malamai biyu na fannoni daban suke kula da shi tare yana haɗa ayari fiye da kowane taro, saboda dole ya fassara wa kowane abin da ɗayan yake nufi.

Izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya, izinin hukumar kiwon lafiya ta jiha, da sanar da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP, duk suna cin lokaci, kuma masu bayarwa ba sa sakin kuɗin da ya shafi mutane sai sun ga takardar. Takardar amincewa a fassara ta Hausa, wani daban ya mayar da ita Faransanci don a ga abin da ya ɓace; wanda ba ya karatu ya dangwala a gaban shaida da ba ma'aikacin binciken ba. A tanadi yadda za a samu yardar uba, domin uwa ce ke kawo yaro amma sau da yawa ba ita ke yanke magana ba. Kwamitin zai tambaye ku abin da za ku yi wa yaron da kuka gano yana da farfaɗiya. Amsar tana cikin kasafi: kuɗin phenobarbital, carbamazepine ko valproate, tare da kauce wa ba ƴan matan da suka kai shekarun haihuwa valproate saboda lahaninsa ga ɗan tayi, da yarjejeniya da asibitin da zai ci gaba da ba da magani bayan aikin, tunda yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjiga mai tsanani.

Ku daidaita kalandarku da lokacin cuta. Daga miƙa takarda zuwa shigar kuɗi a asusu, ku ɗauka wata 9 zuwa 12. Sanƙarau na rani ne, daga hunturu zuwa saukar damina. Masassara mai tsanani tana yin yawa daga Agusta zuwa Oktoba. Tallafin da ya fara a watan Yuni, aka ci wata 4 ana jiran izini da kaya, ya rasa daminar farko gaba ɗaya, kuma aikin shekara 2 ya koma na damina ɗaya. Ku sa wata 6 na shiri a farkon jadawali, ku bayyana dalili. Yawan masu sanƙarau kuma yana bambanta ƙwarai daga shekara zuwa shekara, balle bayan kamfen na rigakafi, don haka ku rubuta tun a takardar neman kuɗi asibitoci na biyu da za a ƙara, kamar na Madarunfa, Gidan Rumji ko Tasawa, in yaran da aka samu a wata 4 na farko ba su kai rabin abin da aka tsara ba.